Sunan Mani a Bakina

Ku matso kusa, 'yan uwa masu karatu, yau zancen ya iso wurin da na daɗe ina kewaye shi. Ni ce Sa'a, 'yar Sallau baduku, gidanmu na gindin dutse a Dogon Dutsi. Lokacin Nasara na mulki, Kumandan, baturen Faransa mai mulkin yankinmu, na zaune a barikinsa, manya na ta maganar haraji da kuɗin gyaɗa. Ni kuwa ko a jikina, don an riga an kawo kayan baikona, suna ɗakin Innata an rufe su da faifai.

Sunansa Mani. Kun ga yanzu na faɗa ko gezau. A wancan lokacin ko wuƙa aka ɗora mini a wuya ba zan furta ba. Budurwar da aka yi wa baiko ba ta kiran sunan saurayinta, sai dai ta ce "wancan" tana sunkuyar da kai. Dogo ne, baƙi, da tsagen Arawa daga gefen baki har kunne, in ya yi dariya sai tsagen su ɗaga sama. Lodin gyaɗa yake yi a babbar motar kaya da ke zuwa Dosso, kamiyo muke ce mata. Duk dawowa da tsarabata, yau sabulu mai ƙamshi, gobe ɗan madubi mai bayan kwano.

A ƙarshen cinikin gyaɗa motar ta faɗa rami, shi kuwa yana can saman buhuna. Ya faɗo, kansa ya sami dutse. Aka wuce da shi Yamai, muka yi rani guda ba mu san ko zai tashi ba. Sai da aka yi ruwan shuka aka dawo da shi gida, da ƙafarsa yake tafiya, garin duk ya ɗauki murna.

Ranar na yi kwalliyar da ban taɓa yi ba. Na ɗaura saƙina mai shuni, na sa kwalli har ya yi yawa, na ɗaura adiko ja, ga tsakiya a wuya, ga lalle da bai gama kamawa ba don gaggawa. Na bi ayarin masu barka. Yana zaune ƙarƙashin itacen bedi a tsakar gidansu, an aske kan, ga tabo kamar lauje a bayan kunnensa na dama. Na durƙusa nesa kaɗan, na sunkuyar da kai yadda ya kamata, ina jiran in ji ya tsokane ni kamar da.

"Sannu, baƙuwa," ya ce. "Don Allah ba ki ga Kaka ba? Tun ɗazu nike nemanta."

Kakar da yake nema ta rasu tun muna yara. Na dawo gida kwallin duk ya zubo a kumatu.

Abin da ya same shi ke nan. Ya san gero, ya san salla, ya san hanyar rijiya. Amma shekarun samartakarsa sun zube, ni kuma a cikinsu nake. Fuska ba ta zama a kansa. Ka gaishe shi da hantsi, ka dawo da azahar, kai baƙo ne. Mutanenmu kuwa ga son gwaji. Duk wanda ya shigo sai ya tura fuska gabansa: "Ka gane ni? Hwaɗi sunana!" Sai ya yi ta kallo, jijiyar wuyansa ta tashi, ya yi jifa da abin da ke kusa. Aka ce doguwa ce ta taɓa shi, aka kira masu goge suka yi nasu. Malam ya ba da rubutu, ya sha. Jikin ya yi kyau, kan yana nan jiya i yau.

A gidanmu kuwa Gwaggo Zalihatu, yayar Baba, ta sa ni gaba. Ita in ta kama magana kamar kaska take.

"Sallau, a maida kayan ga," ta ce wa Baba, ina bakin murhu ina ji. "Ƙaƙa za ka ba ɗiyarka mutumin da za shi tashi da sahe shi tambaye ta mi ta zo saye?"

"Yaron bai yi laihi ba," in ji Baba.

"Ita ma ba ta yi ba! Ga mai rubutu a barikin Kumandan na ta aiko goro, da wandonai mai guga."

Na ce a raina, ki aure shi mana, Gwaggo, tunda wandon ya burge ki. A fili kuwa na ci gaba da hura wuta. Baba ya daɗe yana jan zare a fatar da ke hannunsa, sannan ya yanke magana. Za a jira har a yanke gero. In a lokacin Mani ya iya gane ni da kansa, a sa rana. In bai gane ba, kaya su koma, kuma kada wanda ya sake ɗaga zancen.

Ana nan sai Mushe Sanusi ya shigo maganar. Mushe kuwa Faransanci ne, kamar ka ce Malam. Shi ne lokotoron da ke duba marasa lafiya a likitar gari, wato ɗan asibitinmu, gajere mai tabarau, kekensa na kuka tun daga nesa. Zamanin yaƙin Jamus ya yi aiki a asibitin soja a Dakar, ya ga maza da yawa da ƙarfe ya taɓa musu kai. Wata la'asar yana gidan su Mani na wuce da tallar furar Innata, na rangaɗa kira, "A sayi hura!" Mani na cikin faɗa, sai ya tsaya cak, ya juya kai wajen darni. Lokotoro ya sa aka kira ni.

Ya zaunar da ni da Inna Hasiya, mahaifiyar Mani, ya yi mana bayani dalla-dalla.

"Bon, to, a ci gaba da rubutun malam, ban hana ba. Amma kai irin wanga awa gonar da ruwa ya share ne, sai an sake shuka, rami-rami. Na hwarko, a bar gwada shi. Kada a tambaye shi, a gaya mishi. Duk wanda ya zaka wurinai shi kira sunanai, shi hwaɗi nashi, shi hwaɗi mi ya haɗa su. Kullum lokaci guda, wuri guda, baki guda. In ya gaji a ƙyale shi."

Inna Hasiya ta ja mayafi ta rufe baki. "Mushe, ɗan hwari ne."

"Na sani."

"To ƙaƙa zan kira shi? Tun da na haihe shi sunan ga bai taɓa bakina ba."

Ku da kuka taso yanzu ba lallai ku gane ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ma kallonsa gaban mutane. Shi ya sa aka ba Kakarsa shi tun yaye. Inna Hasiya ta kwana kuka a kansa, ta sayar da awakinta don rubutu, amma in za ta ba shi tuwo sai ta ajiye akushi ta juya baya, ta ce, "A ce wa wancan yaro shi ci."

Lokotoro ya juyo gare ni. "Ke hwa?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutum biyu da suka fi kowa son shi a duniya, kuma su ne ba su iya kiran sunansa. Na dubi tabon nan na bayan kunnensa, na tuna geron da ya fara kai gwiwa a gona. Na ce zan gwada. Mushe Sanusi da kansa ya tako har rumfar Baba ya nemi izini, Baba ya ce in dai da ƙwaryar fura a kaina, kuma Inna Hasiya na tsakar gida, ba laifi.

Kashegari da inuwar bedi ta taɓa turmi na shiga. Na ajiye ƙwarya, na durƙusa gabansa, na ɗaga kai, abin da ban taɓa yi ba. Harshena ya yi nauyi kamar taɓarya.

"Ma... Mani."

Ban san yadda zan gaya muku ba. Sunan ya fito da ɗumi, ashe tuntuni yana nan ƙarƙashin harshena. Inna Hasiya ta yi maza ta shige ɗaki don kunya, kaji suka ci gaba da tononsu, ba abin da ya faɗo daga sama.

"Mani, ni ce Sa'a, mai hura. An kawo kayanka gidanmu. Yau Talata, damina ce, gero ya kai gwiwa."

Ya dube ni da idanun nan nasa masu laushi. "Kayana? Ni za ni aure ki?"

"In Allah ya so."

"Kai," ya ce, tsagen suka ɗaga sama, "ashe ina da ido."

Na tafi gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na dawo washegari, ya ce, "Sannu, baƙuwa."

Haka daminar nan ta tafi, ni har yau kamar mafarki nake ganinta. Hadari ya taso ta bayan dutse, jan dutsen ya koma ruwan hanta, ƙamshin ƙasa ya cika gari, kwaɗi na ta kiɗi a tabki. Ni kuma kullum da kalmomina iri ɗaya kamar mai karanta Fatiha. Lokotoro ya ce a ba hannunsa aikin da ya sani, aka kawo kaba. Kan ya manta, amma hannun bai manta tufka ba. Yana tufkar igiya a cinyarsa, ina riƙe masa bakin, ina ba shi labarin kansa kaɗan-kaɗan: yadda ya biyo ni daga kasuwa, yadda kare ya kore shi daga ƙofar gidanmu ya bar takalmi ɗaya. Labarin karen nan kullum sabo ne gare shi, kullum sai ya yi dariya har da hawaye. Wace mace ce ta taɓa samun miji irin wannan, da labari ɗaya zai ishe ta shekara?

Ba kullum ake dariya ba. Wata rana kansa ya yi ta sara, ya ture ƙwaryata fura ta zube. Wata rana ya kifa kai a gwiwa yana kuka, yana cewa shi ba mutum ba ne, a mai da shi inda aka ɗauko shi. Ranar kasuwa lokotoro kan zo ya zauna da shi su biyu, ya bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa ba ya katse shi. Daga ƙarshe sai ya maimaita masa abu ɗaya: "In ba ka sani ba, ba abin kunya ba ne. Kada ka yi hushi, kada ka yi canke. Ja numhwashi, ka roƙi abin da za shi taimake ka."

Akwai tambayar da kusan kullum sai ya yi mini, murya ƙasa-ƙasa, yana nuna Inna Hasiya da haɓa.

"Waccan matar, mi na yi mata? Ba ta dubana. Kowa na kiran sunana ban da ita. Biyanta aka yi ta tsare ni?"

Tana jin sa. Na sha ganin taɓarya ta tsaya a hannunta.

"Uwarka ce, Mani. Kai ne ɗanta na hwari. A wurinmu, wadda ba ta iya kiran sunanka gaban mutane, ita ce taka."

Sai ya ci gaba da juya kaba. Gobe ya sake tambaya, in sake ba shi amsa, kalma bisa kalma yadda lokotoro ya ce. Da gero ya fitar da kai, ya fara ce mini "mai hura" da zarar na kira sunansa. Amma sai na yi magana. In na shigo shiru, ko na canza adiko, baƙuwa ce.

Aka yanke gero, dammuna suka cika tsakar gida. Gwaggo Zalihatu ba ta manta ba, kuma ita ta tsara yadda za a yi.

"A zaunar da su uku, ita da Ma'u da Kubra. Zane iri guda, adiko iri guda. Kada wadda ta buɗe baki. Miji da ido shike gane matatai."

Ma'u da Kubra 'ya'yan ƙanen Baba ne, tsayinmu ɗaya, hancinmu ɗaya. Mushe Sanusi ya ce wa Baba wannan shi ne gwajin da ya hana, Baba ya ce magana ta riga ta fita gaban dangi. Na san an gama da ni. Na ciro madubin nan mai bayan kwano na mai da shi cikin kayan, don kada a ce na riƙe wani abu.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a zaurenmu. Ga Baba, ga kawunnai, ga Gwaggo a bakin ƙofa ta kama ƙugu. Aka shigo da Mani cikin farar riga, lokotoro na bayansa ya tsaya can gefe. Mu uku muka durƙusa a jere.

"Mani," in ji Baba a hankali, "cikin 'yan matan ga akwai wadda anka kawo kayanka dominta. Nuna muna ita."

Ta ƙasan ido nake kallonsa. Ya dubi Ma'u, ya dube ni, ya dubi Kubra, kallo iri ɗaya. Jijiyar wuyan ta tashi, hannunsa ya fara lalube a tabarma, ya kai ga buta. Na ce shi ke nan. Sai na ji ya ja numfashi mai tsawo, ya saki butar.

"Baba, ban sani ba. Huska ba ta zama min. Amma ina roƙon abu guda. Kowace ta kira sunana."

"Ba a yi haka da mu ba!" in ji Gwaggo.

"Cewa munka yi su kada su yi magana da kansu," Baba ya ce. "Ba mu ce shi kada shi roƙa ba. Ku kira."

Zuciyata ta yi fari fat. Sunan da na yi damina guda ina kira! Muryata kuwa ya san ta.

"Mani," in ji Ma'u, tana danne dariya.

"Mani," in ji Kubra, kamar mai kiran ɗan akuya.

Saura ni. Na buɗe baki. 'Yan uwa, ga Baba zaune taku biyu daga gabana, ga Kawu da ya yi mini huɗuba, ga idanun dangi duk a kaina. A gindin bedi daban, a gaban mahaifi daban. Na ce wa harshena tashi, ya ƙi. Na sake gwadawa, iska kawai ta fito. Gumi ya karyo mini, kaina ya yi ƙasa da kansa, hawaye suka ɗiga a zanen. Na ce a raina, Sa'a, kin kashe kanki da kanki, kin kashe shi.

Gwaggo ta gyara tsayuwa za ta yi magana.

"Waccan ce," in ji Mani. "Ta tsakiya."

"Ƙaƙa ka sani?" Baba ya tambaya. "Ba ta ce komi ba."

"Shi ya sa. Mai hura ta gaya min, wadda ba ta iya kiran sunanka gaban mutane, ita ce taka."

Ta gefen ido na ga lokotoro ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Wayo ne!" in ji Gwaggo. "Ba gane ta ya yi ba, wayo ya yi!"

"To, Yaya," Baba ya ce, yana shafa gemu don kada a ga bakinsa, "ni ma da wayon ga na zauna da uwatta. A kawo goro."

Aka sa rana, bayan an gama zuba gero a rumbu an huta. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Tun kafin goron ya zagaya Gwaggo ta ja ni gefe ta rama. Yarinyar da aka sa wa rana ba ta taka gidan miji sai ranar da aka kai ta. Babu talla, babu fura, babu gindin bedi. Wannan kuwa ko Baba ba shi da ta cewa.

Murnar ta koma ciki. Kan da ake wa shuka kullum, in aka bar shi wata da watanni wa zai gaya masa akwai wata Sa'a? Sai a kai ni da guɗa, ya ɗaga mayafi ya ce sannu baƙuwa.

Washegari da la'asar na ɗauki tulu na ce za ni rijiya. Rijiyarmu na gabas, ƙafata ta yi yamma. Na laɓe a bayan darnin gidansu, daidai lokacin da inuwa ke taɓa turmi. Ta tsakanin kara na hango shi zaune da kabarsa, yana ta waige-waige kamar mai jiran wani abin da bai san sunansa ba. Sai na ga Inna Hasiya ta fito. Ba ta ajiye akushi ta juya ba. Ta zo gabansa ta zauna a ƙasa, ta ɗaga kai. Ta daɗe bakinta na motsi.

"Mani."

Muryar ta fito kamar ba tata ba.

"Mani, ni ce Hasiya, uwarka. Yau Asabar, kaka ce, an yanke gero. Akwai wata yarinya Sa'a, mai hura. An sa muku rana."

Ya ajiye kabar. Ya dube ta.

"Ke kin kira sunana," ya ce. "To ke ba tawa ba ce?"

"Tun ba a raɗa maka shi ba nike taka. Kunyar ce na aje, har a kawo maka matarka. Ran da ta zo in ɗauki abata."

Na toshe baki da gefen zane, amma kukan ya fi ƙarfina. Mani ya juyo da kai wajen darni.

"Inna, wa ke kuka can baya?"

Inna Hasiya ko waigowa ba ta yi ba. Ta ɗauki bakin igiyar ta riƙe masa.

"Tambaye ta ta kira sunanka," ta ce.

Ya tambaya. Na rungume tuluna, na yi shiru.